Wa Za Ta Karɓi Ɗakin Ƙashi?

A ɗakin ƙashi na maza ba wanda ke kiranta Sista. Janwe suke ce mata, sunan motar nan da ke zuwa ta ja wadda ta mutu a hanya. Wani direban tirela ne ya laƙaba mata, ranar da ya ga ta ciccibi wani ƙato daga keken marasa lafiya ta dire shi a gado ko nishi ba ta yi ba. Direban ya warke ya tafi, sunan ya zauna. Sabon majinyaci kan koye shi kafin ya san inda banɗaki yake.

Doguwa ce, mai faɗin kafaɗa. Da ta gama makarantar jinya aka dube ta sau ɗaya aka tura ta can, ba a sake dubanta ba. Aikin ɗakin ɗagawa ne. A ɗaga mutum a sa masa fo na bayan gida, a ɗaga a cire. A juya shi kada bayansa ya yi gyambo. A ɗauke shi zuwa hoto, a dawo da shi. Mazan duk da ƙarfinsu suka zo, 'yan babur, magina, masu dako, sai dai ƙafa a rataye da ƙarfe ko ƙugu cikin filasta. Bakinsu kuwa lafiya lau.

Yanzu tana da ciki, na uku. Biyun farko sun zube, duk bayan ta fara jin motsi. Wannan karon likitar mata ta yi mata ɗaurin bakin mahaifa, ta cire safar hannu, ta ce, "Ke nas ce, ba sai na ja miki magana ba. Ban da ɗaukar nauyi. Ban da doguwar tsayuwa."

"Likita, kin san inda nake aiki?"

"Na sani. Shi ya sa nake faɗa."

Mijinta mai gyaran firji ne, mutum mai yawan tsokana. Tun ranar ya ƙwace duk wani abu mai hannu a gidan. In ya ga ta nufi bokiti sai ya riga ta.

"Sista, ajiye min kayana kafin in kai ƙararki wurin likita."

"Ruwan ko rabi bai kai ba."

"Ko iska ce a ciki, ajiye."

Da yamma suna zaune yana kwance wata fanka a kan tabarma, ya ce ba tare da ya ɗago ba, "Ki bar aikin nan mana."

"In na bari ba za su sake ɗaukata ba. Ka ga masu jira a bakin ofis kullum."

"To su canja miki ɗaki. Asibitin ai ba ɗaki ɗaya ba ne."

"Zan ga Mama."

Mama ita ce shugabar nas-nas. Ba muguwa ba ce. Ta yi nata zamanin a ɗakunan kafin ciwon gwiwa ya zaunar da ita a kujera. Ta saurari Janwe har ƙarshe, tana juya biro a hannu.

"'Yata, ciki ai ba ciwo ba ne."

"Nawa ciwo ne, Mama."

Mama ta san da biyun farko, ita ta ba ta hutu duk sau biyun. Ta cire tabarau ta murza ido.

"Ba ni da nas ta ajiya. In na zare ki daga can, wa zan sa? Ji abin da zan iya. Nemo wadda ta yarda ku yi musaya, ku zo min tare, ta faɗa da bakinta. Ranar da za a fitar da jadawalin sabon wata sai in juya ku. Haka ake yi tun kafin in hau kujerar nan."

"In ban samu ba fa?"

"Ki nema tukuna."

Abokin aikinta na safe wani tsohon nas ne da ya kusa ritaya, kowa Kawu yake ce masa. Bayansa ya daɗe da lalacewa, da ɗamara yake yawo a ƙarƙashin riga. Ta gaya masa zancen cikin a ɗakin magani, ƙofa a rufe. Bai yi mata barka ba, ya san ba a yi mata barka da wuri.

"Daga yau ke ce allura, ke ce magani, ke ce rubutu," ya ce. "Ɗagawa tawa ce, ni da masu zaman jinya."

"Da wane bayan, Kawu?"

"Da wanda ya rage."

Mazan ɗakin ba su daɗe ba suka lura. Wani ɗan babur da ke kusa da taga ya ga Kawu yana kokawa da cinyar maƙwabcinsa, ita kuwa tana tsaye da tiren magani, ya ɗaga murya.

"Jama'a, Janwe ta shiga gareji!"

"Sabis aka kai ta," in ji Kawu yana haki. "Kai da ka kasa riƙe babur, rufe mana baki."

Da lokacin hutun rana take zagayen neman musaya. Ta fara da ɗakin ido, don kowa ya san nan ne aljannar asibitin. Kujeru, fanka, ba aikin dare, ana tashi rana na sama. Wasu dattawan mata biyu ta tarar, ɗaya tana ɗiga wa wani tsoho magani, ɗaya tana yanke farce. Suka ba ta kujera, suka ji abin da ya kawo ta.

"Allah sarki," in ji mai ɗiga maganin. "Ƙanwata, sai da kaina ya yi fari a ɗakin haihuwa kafin na samu kujerar nan. Daga nan sai gida ko kabari."

"Har masu jiran mu mutu mun san su," in ji ɗayar. "In mun haɗu a hanya gaisuwarsu ta fi ta kowa tsawo. Ki bi bayansu."

Suka yi dariya, ita ma ta taya su.

Washegari ta hau bene zuwa ɗakin kulawa ta musamman. Sai an cire takalmi a ƙofa. Sanyi ya dake ta, ga shiru, ban da ƙarar na'urori. Nas ɗaya, gado biyu. Janwe ta tsaya tana kallo kamar baƙauye a birni. Wadda ta tare ta sanye take da rigar sanyi a kan farar riga, leɓenta duk ya bushe.

"Musaya? Yau ma in kina so. Na manta yadda rana take. Amma me kike gudu a can?"

"Ɗagawa."

Matar ta yi dariya mara sauti, ta nuna gadajen da haɓa.

"Naki in kin ce ya kama ƙarfen gado ya taimaka miki, yana kamawa. Waɗannan ba su san suna duniya ba. Kamar buhu muke juya su, safe, rana, dare. Kuma injin hoto har kan gado ake turo shi, haskensa kuwa ba ya son mai ciki." Ta dubi cikin Janwe, ta mayar da ido fuskarta. "Nan ba wurinki ba ne, 'yar'uwa."

A ɗakin gaggawa ba ta ma gama magana ba wata nas ta kama hannunta. Filasta ce manne a girarta.

"Zo, don girman Allah zo. Ni in koma wurin masu karaya in huta."

"Me ya same ki a ido?"

"Wani ne aka ce masa ba gado, ya ɗauka ni na ɓoye. Da kwanon abincin mahaifiyarsa ya jefe ni. Ni na ci sa'a ma. Wadda ke bayana hankaɗa ta aka yi ta faɗa kan tebur."

Janwe ta zare hannunta a hankali ta ce za ta yi shawara. Da ta ba Kawu labari ya ce, "Ana kukan targaɗe, ga karaya."

A tiyata tsayuwa ce daga safe har a ɗinke mutum na ƙarshe. A ɗakin masu taɓin hankali ba a ɗaga kowa, amma ana danne mutum, shi ma yana dannewa. A ɗakin allurar yara, inda aiki zama ne, matar wurin ta tausaya mata ƙwarai, har ta rako ta bakin ƙofa, amma ba ta ce komai a kan musaya ba. Inda ke da sauƙi ba mai fita. Inda ake son fita, ya fi nata.

Wata ya ƙare, wani ya kama. Ta karɓo riga mai girma. Wata safiya tana zuƙo magani a sirinji ta ji motsin farko, ta tsaya har ya wuce, ta ƙarasa zuƙowa. Ta gaya wa mijin da ta koma gida. Ya ce, "Madalla," ya shiga banɗaki ya daɗe. Ba su sayi ko wando ɗaya ba. Sun taɓa saya.

Mutum ɗaya ce ba ta tambaya ba, ƙawarta ta makaranta da ke ɗakin jarirai. 'Yar Firit ake ce mata, don ko a makaranta Janwe ke hau mata da bokiti bene. Ita ce ta zo da kanta, ta same ta a benci bayan ɗakin wanki, ta tsaya a kanta hannu a ƙugu.

"Kin zaga asibiti kaf kina roƙon bare, ni kin tsallake ni. A bakin masu shara zan ji?"

"Ke? Ƙafar mutum ɗaya a ɗakina ta fi ki nauyi."

"Ni na ce miki mara nauyi nake nema?"

Ta zauna. Idanunta sun faɗa, kamar wadda ta tashi daga ciwo.

"Ƙawata, ina son mara lafiyar da zai buɗe baki ya zage ni. Ya ce min ga inda ke ciwo, ke banza. Nawa bakwaini ne, rabinsu ko kuka ba sa iyawa. Sai dai ki juya ki dawo ki ga launi ya canja. Kwalaben ɗumama su ba su isa ba, biyu muke sakawa a ɗaya, in wuta ta ɗauke mu rarraba su a ƙirjin iyaye muna addu'a. In ya tafi kuma ni ce mai naɗewa, ni ce mai fita baranda in kira uban. Duk sun san tafiyata. In na fito sai kowa ya sunkuyar da kai kada ya zama shi."

"Tun yaushe?"

"Na daɗe ban yi barcin kirki ba. Ko a kasuwa ina jin ƙarar na'ura." Ta share hanci da bayan hannu. "A wurina ba abin da za ki ɗaga da ya fi kofin shayi. Akwai kujera kusa da kowace kwalba. Ki ba ni ƙattanki."

"Za su karya ki."

"Su karya. Ai ɗakin gyaran karaya ne."

Da suka shiga ofis tare, Mama ta dube su, doguwa da gajeruwa, dariya ta ƙwace mata.

"Wannan ce za ta ɗaga min direbobi? To. Ni yawan ma'aikata nake ƙirgawa, ba ƙarfi ba. Kin yarda da bakinki?"

"Na yarda, Mama."

"Sai sabon wata."

Ana tsakiyar wata ne. Janwe ta ce, "Mama, ba zai yiwu daga gobe ba?"

"In na taɓa jadawali yanzu, aikin dare na ɗaki biyu zai rushe, masu yara sun riga sun shirya wanda zai kwana da su. Kin yi haƙurin mai yawa, 'yata. Ƙarasa."

A ɗakin ƙashi kowace safiya maigadi kan kori masu zaman jinya waje kafin likitoci su zo zagaye, ya rufe ƙofar baranda, ba ya buɗewa sai an gama. Ran nan ya kore su kamar kullum. Ba a daɗe ba wayar ɗakin ta yi ƙara. Wata motar haya ce ta kife, ɗakin gaggawa ya cika, ana aron nas ɗaya daga kowane ɗaki. Haka ake yi in abu ya yi yawa. Kawu ya ajiye wayar ya dube ta. In ita ta je, masu rauni za ta kwasa daga ƙasa.

"Ni zan je," ya ce. "Kada ki taɓa kowa. Ko fo ne, ya jira ni. Kin ji ko?"

"Na ji, Kawu."

Ya tafi da injin zuƙe majina, shi ma an ce a ara. Likitocin duk can suka nufa, ba a yi zagaye ba, ba kuma wanda ya tuna ya gaya wa maigadi. Masu zaman jinya suna can waje ƙarƙashin bishiya.

A tsakiyar ɗakin akwai wani magini da aka dawo da shi daga tiyata da safen nan, an sa masa ƙarfe a cinya. Ƙato ne, gadon da kyar ya ɗauke shi. Maganin barci bai gama sakinsa ba, yana kwance rigingine, baki a buɗe. Janwe tana can ƙarshen ɗaki tana canja ledar ruwa sai ta ji tsohon da ke kusa da shi yana buga ƙarfen gado da cokali.

"'Yata! 'Yata, zo, mutumin nan yana amai!"

Ta zo da sauri. Aman ya cika masa baki yana komawa. Ta karkatar da kansa, ta sa yatsu ta kwaso abin da za ta iya. Bai isa ba. Maƙogwaronsa yana gurguri, ƙirjin yana fizga, leɓensa ya fara duhu. Sai an juya shi gaba ɗaya a kan gefensa.

"A kira min wani!" ta ce da ƙarfi. "Maigadi! Akwai kowa a nan?"

Mazan suka ɗauka da ihu, kowa yana kiran maigadi. Ɗaki cike da maza, ba mai iya taka ƙasa. Ɗan babur ɗin nan ya jawo sandarsa ya diro daga gado, ya yi tsalle biyu, sandar ta zame, ya zube yana salati. Ƙofar baranda tana nesa, a rufe.

Ta dubi leɓen maginin. Ta zagaya, ta tattaro zanen gadon daga ƙarƙashin kafaɗarsa da ƙugunsa, ta nannaɗe a hannuwanta, ta tokare ƙafa da tayar gado, ta ja. Bai motsa ba. Ta sake ja da duk abin da take da shi. Ya taso, ya kifo gefenta, aman ya zubo mata a takalmi. Ya yi tari, ya sake yi, ya ja numfashi mai ƙara.

Ɗakin ya kaure da tafi.

"Janwe ta dawo aiki!"

"An gama sabis!"

Ta tare bayansa da matasai, ta goge masa baki, ta gyara ƙafar da aka yi wa aiki. Ta ce wa ɗan babur ya zauna a inda yake har a zo. Sannan ta shiga banɗakin ma'aikata ta duba kanta. Ba komai. Ta jingina da ƙofa ta jira motsi. Ya motsa.

Kawu ya dawo da rana, riga duk jini. Ya tsaya a ƙofa ya ga maginin a kan gefensa.

"Wa ya juya shi?"

Mazan suka hau ba shi labari, kowa yana ƙara gishiri. Bai saurare su ba. Ya dube ta, ta kawar da kai. Ya ja kujera ya zauna, bai ko wanke hannu ba.

Ba ta gaya wa mijin ba. Kwana ɗaya ya wuce lafiya, na biyu ma, har ta fara sakin jiki. Ranar hutunta da la'asar tana zaune tana ninke wanki sai ta ji ɗumi ya bi cinyarta. Ta san ko mene ne kafin ta duba. Ta kira mijin a waya ta ce ya zo da mota, kada ya yi gudu.

An cire ɗaurin, don ba abin da ya rage ya riƙe. Namiji ne. Ta gan shi a hannun ungozomar, ta san ko kwalba ba za ta karɓe shi ba. Ba ta tambaya ba, ba a kuma gaya mata ba.

Washegari likitar ta zo gefen gado, mijin yana tsaye riƙe da filas.

"Kin ɗaga wani abu?"

"Ko cokali ban bar ta ta ɗaga ba, likita," in ji shi.

"Na juya mutum," in ji Janwe. "A wurin aiki."

Ya juyo ya dube ta. Likitar ta dubi ƙasa, sannan ta ce, "Ba zan ce miki shi ne ba. Ba zan ce ba shi ba ne. Ɗaurin kan saki ko mace tana kwance ba ta ɗaga komai ba."

Ya ajiye filas ɗin a kan loka ya fita baranda. Ɗakin matan cike yake, nas ɗaya ce ke ta kai da kawo, Janwe tana jin yadda take jan takalmi. Ruwan da ake ƙara mata ya ƙare, ta miƙa hannu ta rufe da kanta, ba ta kira ba. Sai can mijin ya dawo ya zauna a bakin gado, bayansa gare ta.

"Ya rayu?"

"Wa?"

"Mutumin."

"Ya rayu."

Ya gyaɗa kai. Bai sake tayar da maganar ba, ran nan ko daga baya. Tsokanar ma ya daina. A gida ya ci gaba da riga ta ɗaukar bokiti, sai da ta ce masa ya bari.

Hutun haihuwa na wadda ta tafi gida da jariri ne. Ita hutun rashin lafiya aka ba ta, gajere. Tana cikin hutun sabon wata ya kama, jadawali ya fita yadda Mama ta yi alkawari.

'Yar Firit ta zo gaishe ta ana jibi Janwe za ta koma aiki. Ta zauna a bakin kujera, warin man zafi yana tashi daga jikinta. Suka yi gaisuwa. Janwe ta zuba mata ruwa.

"Kawu yana gaishe ki. Maginin an sallame shi, ya ce a yi miki godiya. Mazan ɗakin ba a gaya musu abin da ya same ki ba." Ta juya kofin a hannu. "Mama ta ce in kina so a mayar da mu yadda muke, sai mu je mata tare. In faɗa da bakina."

Janwe ta jira.

"Ƙawata, na kwana ina gwadawa. Bakina ya ƙi." Ta ajiye kofin. "Bayana kamar an dake ni da taɓarya. Suna ce min Batir, wai ƙarama ce amma da ni ake tashi. Jiya wani ya zagi kakata don na ja masa gashin ƙafa da filasta. Na koma gida na yi barci har rana ta fito. Tun da na je ba wanda ya mutu a hannuna. Ki zage ni. Na san inda nake tura ki."

Janwe ta dubi yadda take dafe da baya.

"Kina sa ɗamara?"

"Kawu ya ba ni tsohuwar tasa. Sau biyu take zagaye ni."

"Gwiwa za ki riƙa lanƙwasawa, ba baya ba. Kuma kada ki yarda ki ɗaga ke kaɗai don suna miki kirari."

"Shi ke nan abin da za ki ce?"

"Sha ruwanki."

Ranar komawa mijin ya tsaya yana kallon ta tana guge riga.

"Kada ki je."

"In zauna in yi me?"

Ya kai ta har ƙofar asibiti, ya jira ta shige.

Ɗakin jarirai yana ƙarshen wata doguwar baranda. Mata ne zaune a jere a benci, kowacce da kofin roba, suna tatsar nono a ƙarƙashin mayafi. Maza suna tsaye nesa kaɗan. Da suka ga farar riga ta nufo su suka yi tsit, da ta wuce suka ci gaba da magana.

Shugabar ɗakin wata siririyar dattijuwa ce da ake kira Anti, ba ta ɗaga murya. Ta san labarin, duk asibitin ya sani. Ba ta yi mata ta'aziyya ba. Ta nuna mata famfo.

"Har gwiwar hannu. Cire agogo. Ga riga nan ki ɗora, ga hula."

Ciki zafi ne, an rufe tagogi. Kwalaben suna jere jikin bango, kowacce da ƙofofi biyu na sa hannu. Anti ta bi da ita ɗaya bayan ɗaya. Wannan ta hanci ake ba shi nono, da sirinji, a hankali, kada ki tura, ki bari ya gangara. Wannan yakan manta da numfashi, in na'ura ta yi ƙara ki shafa tafin ƙafarsa. Waɗannan biyun ba 'yan'uwa ba ne, ki duba zaren hannu kafin ki ba kowa komai. Janwe tana cewa to. Hannuwanta sun yi wa ƙofofin girma, sai ta matse yatsu suke shiga.

Ta yi na farko daidai. Ta yi na biyu. Ta fara tunanin za ta iya.

A kusurwa akwai wani da ba bakwaini ba, cikakken yaro ne da ciwon shawara ya kama, an kwantar da shi ƙarƙashin shuɗiyar fitila, an rufe masa ido. Ya farka ya callara kuka, irin kukan mai ƙoshin huhu. Janwe tana riƙe da sirinji ta ji ƙirjinta ya ɗaure, ya yi tsam, sannan ya saki. Ta dubi rigarta. Wuri biyu sun jiƙe, suna faɗaɗa.

Ba ta saki sirinjin ba sai da nonon ciki ya gama gangarawa. Ta rufe ƙofar kwalbar, ta harɗe hannuwa a ƙirji, ta tsaya tana kallon bango. Yaron bai daina ba.

Anti ta ce wa wata nas ta ɗauki mai kukan. Ta zo ta kama gwiwar hannun Janwe ta ja ta zuwa ɗakin ajiya, ta tura ƙofa. Ta durƙusa ta jawo aljihun kabad na can ƙasa, ta ciro auduga da bandeji mai faɗi, an riga an yayyanka daidai tafin hannu.

"Ninka biyu ki sa. In ya jiƙe ki zo ki canja, ba sai kin tambaye ni ba. In kin koma gida ki ɗaure da zane, kada ki tatsa."

Janwe ta karɓa. Audugar ta faɗi, Anti ta miƙo mata wata.

"Anti, zai daina?"

"Nonon zai daina."

Ta ɗauko mata wata rigar daga saman kabad, mafi girman da ke akwai, ta rataya a ƙofa.

"Ba sauri. In kin fito ki sake wanke hannu."

Ta fita ta ja ƙofar. Janwe ta zauna a kan kwalin safar hannu, audugar a cinyarta. Ta bangon tana jin yaron, kukan yana raguwa. Da ya yi shiru ta tashi ta canja riga, ta fita wurin famfo.